Madacin Ƙofar Gidan Daudu

A duk Safana babu wanda bai san Malam Daudu bai iya cewa a'a ba. Ka ari babur ɗinsa ka dawo da shi babu ko ɗigon mai, shi zai yi maka sannu da hanya. Ka ari tsaninsa ka manta da shi a gidanka, in ya zo nema sai ya fara da ba ka haƙuri. Malamin firamare ne, dogo, siriri, mai yawan murmushi. Matarsa Uwani ta daɗe tana cewa da ana aron kai, da tuni mijinta yana yawo da wuya zalla.

A ƙofar gidansa akwai wata ƙatuwar bishiyar madaci da mahaifinsa ya dasa tun yana saurayi. Daudu yana son bishiyar nan so na gaske. A gindinta tsohon ya koya masa karatu, a gindinta kuma aka yi wa tsohon salla ranar da ya rasu. In ya taso daga makaranta, kafin ya shiga gida sai ya ɗan dafa ta, ko da kuwa bai san yana yi ba.

Madaci kuwa kowa ya san aikinsa. Ɓawonsa ja ne, ɗacinsa kuma sai wanda ya kurɓa zai ba da labari. Ana jiƙa shi a sha don murɗar ciki da zazzaɓi, makiyaya kuma kan ba shanunsu. Tun zamanin tsohon, mai buƙata yakan zo ya yi sallama ya ce a taimaka masa da sassaƙe don Allah, kuma a garinmu ba a hana mutum magani. Amma abin yana da ƙa'ida. Za ka yi bismillah, ka sari kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, sannan ka shafe wurin da laka. Kudu da arewa ba a taɓawa. Kafin shekara ta zagayo wurin ya rufe. A da ma masu zuwa ba su da yawa, don masu magani dajin Rugu suke shiga su cika buhu. Tun da dajin ya ƙi shiguwa, idon kowa ya dawo kan itatuwan cikin gari.

Duk da haka madacin yana jurewa, har sai da Rashida ta zo hutu.

Rashida ita ce autar gidan, tana karatun haɗa magunguna a jami'a a Katsina. Wani hutun baya ta sassaƙi ɓawon ta tafi da shi don aikinta na gama karatu. Wannan karon ta dawo da wata 'yar kwalba mai wani abu baƙi-baƙi mai danƙo a ciki, ta nuna wa iyayenta a tsakar gida.

"Mun shanya shi a inuwa, mun daka, mun jiƙa, mun tace," in ji ta. "Wannan shi ne abin da muka fitar. Sai muka ɗiga shi a faranti inda muka raini ƙwayoyin cuta. Baba, kewayen ɗigon nan kaf, ko ɗaya ba ta rayu ba."

"Allahu akbar!" in ji Daudu. "Wato jami'a ta tabbatar."

"A faranti, Baba. Ba a cikin mutum ba tukuna. Kuma ba mu san iya abin da ya kamata a sha ba. In ya yi yawa yana iya taɓa ƙoda."

Daudu ya gyaɗa kai kamar ya ji. Amma tsakanin tsakar gida da majalisar da suke zama bayan la'asar, farantin da ƙodar duk suka zube a hanya. Abin da ya isa majalisa shi ne an kai madacin ƙofar gidansa jami'a, masana sun duba da na'ura, kuma ƙwayar cuta in ta haɗu da shi sai gawarta. Ba don mugunta ya faɗa ba. Uba ne da 'yarsa ta yi abin kirki, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ranar kasuwar Batsari labarin ya hau mota. Kafin ya sauka ya ƙara ƙiba. Madacin Daudu ya zama maganin ciwon suga da hawan jini da ciwon baya, har da wanda ya rantse ya ji an ce yana tsirar da gashi a sanƙo. Babura suka fara tsayawa a ƙofar gidan. Kowa ya zo da sallamarsa da 'yar gatarinsa.

"Malam, a taimaka da sassaƙe don Allah."

"Ai bismillah, bismillah. Allah ya ba da lafiya."

Daga cikin gida Uwani tana jin saran, kwas, kwas, tun safe har rana ta yi zafi. Masu gaggawa suka daina shafa laka. Gabas ta zama fari fat, yamma ta bi ta, har iya inda hannun dogon mutum zai kai in ya taka sirdin babur.

"Malam, fita ka dubi icen nan da kyau," in ji Uwani wata rana tana tankaɗe. "An feɗe shi kamar ragon layya. Ka buɗe baki ka ce masu ya isa."

"Uwani, magani ne fa. Mutum ya taso tun daga Tsaskiya da ciwo, in ce mashi mi?"

"Ka ce mashi a'a. Ba ta da tsawo."

Daudu ya fita ya zagaya bishiyar, kuma abin da ya gani ya sosa masa rai sosai. Ya tsaya yana shafa farin wurin da tafin hannu. Ya san matarsa ta yi gaskiya. Ya kuma san bakinsa ba zai iya ba. Sai ya zauna ya yi tunani, har ya samo wata dabara da ya ga ta fi ƙarfin kowa. In ba zai iya korar mutane ba, ai tsoro zai iya.

Washegari ya je aski wajen Mati wanzami. Duk wanda yake son magana ta zagaye gari kafin azahar, wajen Mati yake kai ta. Ana cikin aski Daudu ya sassauta murya.

"Mati, wata magana ce, amma tsakaninmu."

"Haba Malam. Ni da kai?"

"Icen nan nawa, akwai mutanen ɓoye ciki. Da tsakar rana nakan ji kamar ana daka a sama. Jiya har tari na ji. Ina jin saran nan ya hwara damunsu."

Askar Mati ta tsaya cak. Daudu ya tashi da rabin gemu bai daidaita ba, ya koma gida yana murmushi, ya ce wa Uwani ta kwantar da hankalinta, an gama.

An gama kuwa, amma ba yadda ya zata ba. Da labarin ya fita, mutane ba su tsorata ba ko kaɗan. Cewa suka yi, "Dama!" Dama sun san ruwa ba ya ɗaci haka kawai. Ice da jami'a ta shaida, ga kuma masu shi a ciki, ai wannan ba a bari ya wuce mutum. Waɗanda a da suke shakka su ma suka taso. Aka fara zuwa har da 'yar kyauta ta ban haƙuri ga mazauna saman, wani tafin gero, wani farin goro, a ajiye a gindi kafin a sara. Kajin Uwani suka yi ɓul-ɓul, su kaɗai suka ci ribar dabarar.

Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan masu zuba wa itace gero. Bai kama suna ba, amma rabin sahu sai da suka waiwayo. Daudu ya yi ta kallon tabarma kamar an rubuta wani abu a jikinta.

Da gabas da yamma suka ƙare, sai wani mai wayo ya ce ai ice mai iskoki ba ruwansa da gabas ko yamma, ko'ina magani ne. Aka faɗa wa kudu. Ba a daɗe ba ganyen wani ɓangare ya fara rawaya yana zuba, alhali damina ce, kowane ice a gari yana kore shar.

Uwani ta kira Rashida a waya, ta sa a bayyane don uban ya ji da kunnensa.

"Baba, mi ya rage?" in ji Rashida.

"Ta arewa. Wani siririn layi, daga ƙasa har sama. Faɗinshi bai wuce tafin hannu ba."

"Baba, abincin ice ta ɓawo yake bi ya sauka ga saiwa. In aka sare wannan, an zagaye shi ke nan. Ba zai faɗi ran nan ba, amma ya mutu. In an bar mashi shi aka shafe sauran da laka, yana iya rufewa sannu a hankali." Muryarta ta canza. "Ni da na san haka za a yi, da ban nuna maka kwalbar nan ba."

Wannan maganar ta shige shi. Aka kashe wayar. Uwani ta ga ƙarfen ya yi zafi, ta matso da kujerarta.

"Malam, ka yi mani alkawari. Daga yau babu wanda zai taɓa wurin nan."

"Na yi."

"Ko waye."

"Ko waye, Uwani."

"To tashi mu gwada." Ta ɗauki muciya ta saɓa a kafaɗa, ta ƙara wa muryarta kauri. "Salamu alaikum. Malam, a taimaka da sassaƙe don Allah."

"Wa alaikumus salam. To, ai... wato, da yake..."

"Sake!"

"Ka yi haƙuri, bawan Allah, ko za ka ɗan ɗebi kaɗan..."

"Innalillahi! Malam, muciya ce fa a hannuna. Muciya ma ka kasa hanawa?"

Haka suka yi ta yi har tuwo ya kusa kamawa. Daga ƙarshe ya samu ya fitar da ita, wata 'yar siririyar a'a kamar ta mai mura. Uwani ta ce ba laifi, a haka ake farawa.

Da safe, ranar babu makaranta, Daudu ya kwaɓa laka ya shafe duk inda hannunsa ya kai. Sannan ya shimfiɗa tabarma ta arewa, ya zauna ya jingina bayansa da ɗan layin da ya rage, yana maimaita kalmarsa a zuci. Yana addu'a Allah ya kawo masa baƙo wanda bai sani ba, wanda ba za su sake haɗuwa ba.

Babur na farko da ya tsaya, wani tsoho ne a baya, da farar hula da jaka a rataye. Ya sauko a hankali, hannu ɗaya dafe da ciki. Alhaji Armaya'u ne, tsohon dillalin shanu na kasuwar Batsari, mahaifin Uwani. Ciwon ciki ya daɗe yana cinsa, kuma ya ƙi asibiti ƙememe, ya ce ba zai kwanta yaran da aka haifa jiya su riƙa danna masa tumbi ba.

Daudu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tun da ya auri Uwani bai taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Ya zame daga zaune zuwa durƙuso, ya cire takalmi da hula, amma bayansa bai bar jikin icen ba.

"Barka da asuba, Baba. An zo lahiya?"

"Lahiya lau, Daudu."

"Ya hanya? Ya gajiya? Ya mutanen gida?"

"Duk lahiya."

"Ya su Inna? Ya damina? Ya shanu?"

"Alhamdu lillahi."

Daudu ya riƙe gaisuwar nan kamar igiyar guga. Ya tambayi lafiyar maƙwabta. Ya tambayi kasuwa. Ya tambayi limamin unguwarsu da mai shagon bakin titi. Ya tambayi wani jaki da tsohon ya sayar tun Rashida tana goye. Da ya ƙare ya sake komawa kan hanya da gajiya. Mai babur ya kashe injin ya sami dutse ya zauna.

"Daudu," in ji Alhaji Armaya'u, "gaisuwa ta yi. Ciki na nan shina murɗa ta, ko barci ban samu. An ce icen ga naka har jami'a ta san da shi." Ya zuge jaka ya fito da 'yar gatari. "Gusa in ɗan sara in koma tun rana ba ta yi ba."

Daudu bai gusa ba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Yana kallon ƙafafun tsohon, yana jin ɓawon icen a gadon bayansa, kaushinsa yana ratsa riga.

"Ko ba ka ji ni ba?"

"Na ji, Baba."

"To gusa."

"Baba... A'a."

Wannan ba irin ta jiya ba ce. Ta fito sosai, har mai babur ya ɗago kai.

Sai kuma bayani ya biyo baya a guje, yana tuntuɓe. Ya ce wannan kaɗai ya rage. Ya ce in an sare shi icen ya mutu. Ya ce Rashida ma ta ce ba a san iya abin da za a sha ba, kuma ciwon da ya daɗe haka gara a duba shi, shi zai kai shi da kansa yanzu-yanzu. Tsohon bai katse shi ba. Ya bar shi ya gama tas, yana kallonsa.

"Daudu," in ji shi a hankali, "ranar da ka zo neman ɗiyata, sau nawa ka roƙe ni?"

Daudu ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ban bari ka maimaita ba. Duk Batsari da Safana sun sha icen ga. Wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Ni ne na zo ka ga ya ƙare." Ya saki gatarin ta faɗi a kan tabarma. "Riƙe ɓawonka."

Bai shiga gidan ba. Bai sha ko ruwa ba. Ya hau babur da ƙyar, ya ce wa mai babur su tafi.

Uwani tana zaure tun farkon gaisuwar, ta ji komai. Ƙurar babur ba ta kwanta ba ta fito, mayafi a karkace, ita da ba ta saba tsayawa a ƙofar gida ba.

"Shekara da shekaru ina roƙonka ka koyi kalmar nan," in ji ta. "Mahauta sun cuce ka ba ka faɗa ba. 'Yan aro sun cuce ka ba ka faɗa ba. Sai a kan ubana ka iya?"

"Ke kika ce ko waye."

"Na ce! Na san na ce!"

Ta sunkuya ta ɗauki gatarin mahaifinta. Daudu ya dube ta, ya dubi gatarin. Sannan ya ja jiki gefe, ya bar mata wurin. A'ar ta ƙare masa, guda ɗaya ce dama yake da ita, kuma ya kashe ta.

"Mahaifinki ne," in ji shi. "Ban hana ki ba."

Uwani ta tsaya a gaban ɗan layin. Ba ta taɓa ganinsa kusa haka ba. Siriri ne ƙwarai, ja-ja, ya miƙe shi kaɗai tsakanin laka da laka har ya ɓace cikin rassa. Ta ɗaga gatarin. Tana ganin mahaifinta yadda ya hau babur dafe da ciki, tana kuma ganin mijinta a durƙushe babu hula, bai ɗago ba. Haushin su biyun ya cika ta, da tausayin su biyun, har ta rasa wanda ya fi. Hannunta ya gaji a sama.

Sai ga wani babur ya tsaya. Wani mutum mai ƙiba ya sauko yana fara'a, da ƙullin gero a hannu.

"Salamu alaikum. A'a, Hajiya da kanki? Madalla. In kin gama a taimaka mani da kaɗan don Allah."

Uwani ta juyo. Idanunta sun yi ja, hawaye yana gangara, gatari a hannu.

"Babu."

"Ai ɗan kaɗan ne, Hajiya, tun daga..."

"Bawan Allah, yanzun nan ubana da ya haife ni ya bar wurin nan da ciwonshi, hannu wofi. Shi bai samu ba. Wallahi babu mahalukin da zai samu bayanshi. Ɗauki geronka."

Mutumin ya dubi Daudu ko zai sa baki. Daudu yana kallon ƙasa. Mutumin ya mayar da ƙullinsa aljihu, ya hau babur ya juya ba sallama.

Uwani ta goge fuska da gefen mayafi. Ta zauna a kan tabarmar, ta jingina bayanta inda na mijinta ya tashi, ta ɗora gatarin a cinya.

"Tashi ka sa hularka," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Hau babur ka bi shi. Zai zage ka, ka haɗiye. Zai kore ka, kar ka tafi. Ka zauna a ƙofar gidanshi har sai ya yarda ka kai shi an duba cikin nan."

"In ya ce a'a fa?"

"Sai ka ƙi ji. Tashi, Malam, ba su yi nisa ba."

Daudu ya shiga zaure ya turo babur. Da ya kai kwanar layi ya waiwayo. Tana nan zaune a gindin madacin, ta rufe fuska da hannu ɗaya tana kuka, ɗaya hannun kuma yana kan ƙotar gatarin.